Kwando huɗu daga Kwanar Gafan

Gwaggo ce ta kira ni da wayar jikanta, wata Talata bayan Isha'i. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Uwata, in har yanzu kina son tumatirin nan, ki taho. Ya zube. Akuya ma sai ta shinshina ta wuce." Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa tun ina zanen goyo ba ta taɓa kama sunana ba. Na ce mata ga aiki, ga yara, ga shi saura mako uku azumi. Ta ce ai don azumin take gaya mini.

Ni ma'aikaciya ce, ƙarfe bakwai na safe na bar gida, sai La'asar nake shigowa. Maigida kuwa ba ya ƙaunar tumatirin gwangwani ko na leda, loma ɗaya zai yi ya ɗago kai ya kalle ni. To mace mai irin wannan fita, in ta ce kullum sai ta gyara kayan miya, ta aika markaɗe, ta jira ya dawo, sannan ta ɗora tukunya, ai sai yara sun yi barci tuwo zai sauka. Firiza ita ce 'yar aikina. Ko in ce ita ce a da, kafin ta juya mini baya.

Bara, kwana biyu bayan Babbar Sallah, taransifomar unguwarmu ta ƙone. Kwana tara muka yi a duhu. Rabin rago na ciki, da kaji shida, da miyar da na soya ta kusan wata guda. Ranar farko na yi wautar da har yau nake jin haushin kaina a kanta: bini-bini na ɗaga murfi in taɓa in ji ko da sauran sanyi. Ashe firizar da ke cike maƙil, in aka bar ta a rufe, takan riƙe sanyinta kusan kwana biyu, mai rabin kaya kuma kwana ɗaya. Ni da hannuna na yi ta sallamar sanyin. A kwana na uku jan ruwa ya kwanta a ƙasanta. Abin da ya soyu muka soya, na rarraba wa maƙwabta, saura aka kai bola da daddare don kunya. Sai da na yi mako ina zuba gawayi da lemon tsami kafin warin ya fita. Tun daga nan ba na sa mata komai sai ruwan sha da zoɓon yara.

Duk da haka ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, na cika but ɗin mota da robobi da kula biyu da damin farar leda. Ƙanin maigida ne ya ja ni. Tun daga Na'ibawa yake tsokanata wai matar yaya za ta buɗe kamfanin tumatir, a taimaka a ba shi manaja.

Hanyar ba ta da nisa. Muka wuce 'Yan Lemo, muka haye gadar Tamburawa, hazo ya rufe gabas da yamma, ko'ina fari fat kamar an watsa toka. Sai da muka doshi Kura ido ya huta. Tsakiyar rani, amma dama da hagu kore shar: alkama, albasa, masara, ga tumatir jere-jere har inda ido ya tsaya. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babbar magudana ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har bakin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ba inji, gangara kawai. Duk tuwon da aka ci da jar miya a Kano cikin rani, da wuya a ce babu hannun wannan ruwa a ciki.

Bayan Kadawa muka saki kwalta. A nan na fara ganin abin da Gwaggo take nufi da "ya zube". Fili guda an shimfiɗe shi da yankakken tumatir, ja wur, wani a kan buhuna, wani a kan tsurar ƙasa, yara na zaune a gefe da tsumagiya suna korar awaki.

Mun sami Baffa a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na ce, "Baffa, kun wuni lafiya? Ya sanyi?" Ya ce sanyi lokacinsa ne, ya tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in shiga, tsohuwar tun hantsi take leƙe. Direbana ya sha fura ya juya, da alƙawarin zai dawo Lahadi.

Tuwon daren nan shi ne abu na farko da ya sa na ji kunyar kiran abin da nake yi a gida "girki tun daga tushe". Tushena injin markaɗe ne da garin da na saya a kwano. Nasu kuwa daga rumbu yake farawa. Da safe aka ciro dawa, aka sussuka, aka sheƙe. Amarya, matar ƙaramin ɗan Gwaggo, ta yayyafa mata ruwa ta surfa a turmi, ta bakace dusar ta zuba wa awaki, ta wanke, ta baza a tabarma ta sha iska, yaro ya kai inji. Lokacin da na shigo tankaɗe take yi, gari na sauka a ƙwarya, tsaki na tsayawa a rariya. Ruwa na tafasa ta jefa 'yar kanwa, ta dama tsakin da ruwan sanyi ta yi talge, ta rufe. Da ya yi ta bararraka har ya dahu, ta gyara zama a kujera 'yar tsugunne, ta danne tukunyar, ta shiga tuƙi tana barbaɗa gari da hagu, muciya na juyawa a dama. Na ce ta ba ni in taya ta. Juyi biyar na yi kafaɗata ta amsa, gudaji suka fara taruwa. Ta karɓe abarta tana dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Anti, bar shi, hayaƙi zai dame ki."

Miyar kuwa Gwaggo ba ta bar wa kowa. Ta daka daddawa da barkono da citta da masoro, ta ɓare busasshen kifi ta cire ƙaya, ta bar su suka yi ta dahuwa har ƙamshi ya kai zaure. Sannan ta janye itace, ta ɗauko maburgi, tana zuba kuka kaɗan-kaɗan tana kaɗawa. Aka soya man shanu da albasa aka kwarara a kai. A duk abin da ya shiga tukunyar nan, gishiri da kanwa da kifi da kayan yaji kaɗai aka saya. Kuma babu abu ɗaya a ciki da ya taɓa ganin sanyin inji.

Da na faɗi haka, sai Gwaggo ta ɗauki tocila ta ce in biyo ta.

Wani ɗan ɗaki ne a ƙuryar gida, ba taga sai 'yar kafa a sama. Bokitan fenti ne jere da murafensu, da tuluna, da ƙullin tsummoki rataye a jikin azara. Ta riƙa buɗewa tana haska mini. Garin kuka, wanda aka tsinko ganyensa a ƙarshen damina aka shanya a inuwa don kada ya yi fari. Busasshiyar kuɓewa, wata yankakkiya wata dakakkiya. Karkashi. Zogale. Kabewa da aka fere aka yanyanka sala-sala kamar igiya. Gabu, wato ganyen albasa da aka kirɓa aka cura aka busar, abin da rabona da gani tun ina 'yar firamare. Curin tsamiya. Ƙanzo cikin buhu, mai jiran ranar da za a jiƙa shi a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Sai daddawa, wadda ita ce abin alfaharinta. Kalwa takan kwana a wuta, a surfe ta a wanke a cire ɓawo, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da tsumma kwana biyu zuwa uku har ta yi yauƙi ta fara wannan warin da 'yan birni ke toshe wa hanci, sannan a kirɓa, a faffaɗa, a shanya. Ta ce tata takan shekara ba ta yi komai ba.

Wake na cikin jarkoki, an cika su har wuya an toshe baki da leda. Ta ce da toka suke cakuɗa shi, ko barkono, wasu kuma su zuba fiya-fiya, abin da ta ce ko a kyauta ba za ta ci ba. Yanzu ɗanta yana sayo buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Hikimar duk ɗaya ce da ta jarka: in iska ba ta shiga, ƙwaron da ke ciki shi da kansa zai shaƙe ya mutu.

Ta san labarin ragona, don har nan ya iso. Ba ta tayar da shi kai tsaye ba. Cewa ta yi, "Mu naman layyarmu sai da ya kai mu kaka. A soya shi ya bushe ƙarau, a zuba a tukunya, a narka kitse a rufe masa kai. In an kwana biyu a sake ɗumamawa." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Wai shi akwatin sanyin naki, in an ɗauke wuta me yake yi?"

Na ce, "Jira yake yi, Gwaggo."

Ta ce, "Allah Ya ba shi haƙuri," ta ja ƙofa ta sa sakata.

A gindin darbejiyar tsakar gida na ga wani abu da na ɗauka randar ruwa ce. Ashe randa biyu ce, ƙarama a cikin babba, an cika tsakaninsu da yashi, an rufa jiƙaƙƙen buhu a kai. Amarya ta ɗaga mini: tattasai ne da yalo da karas, sanyi ƙalau, ta ce yau kwanansu goma sha ɗaya. Ita 'yar wajen Dutse ce, a ɗakin mahaifiyarta ta taso ta ga ana yi. Safe da yamma take jiƙa yashin. Ruwan ne ke tsattsafowa ta jikin babbar randar, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan jihar tun wajen ƙarshen shekarun 1990, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. Na taɓa karanta labarinsa, amma ban taɓa sa hannu a cikin randar ba sai ran nan. Amarya ta ce aibinta ɗaya, da damina ba ta aiki sosai, don iska ta riga ta jiƙe, ba ta shan ruwan. Kuma ba a sa nama.

Asabar da asuba, bayan mun ci ɗumame, Yaya, babban ɗan Gwaggo, ya ɗauke ni a babur zuwa Kwanar Gafan. Sanyi kamar ya tsinke kunne. Kasuwar ta riga ta cika: kwanduna dubbai an rufe bakinsu da ciyawa da takarda, 'yan dako na gudu da su a ka, dillalai na ɗaga murya, manyan motoci sun juya baya ana yi musu lodi. Yawancinsu Kudu za su, wasu har kasuwar Mile 12 ta Legas. Na tsaya ina kallon yadda ake ɗora kwando kan kwando, ruwan na ƙasa na ɗiga ta ƙarƙashin mota tun ba a tashi ba. Yaya ya ce kafin a isa, wani kason ya riga ya zama miya.

Ya hana ni magana. Ya ce da an ji muryata za a san 'yar birni ce, kuɗi ya tashi. Sai na koma gefe na zuba ido. Ba ya duba na sama, hannu yake zurawa ta gefen kwando har gwiwar hannu ya zaro na tsakiya, ya matsa, ya ɓara biyu. Irin da 'yan kasuwa ke kira UTC yake nema, mai tauri, mai tsoka, marar ruwa da yawa. Ya taya, aka ce albarka. Ya yi kamar zai wuce, aka kamo rigarsa. Da aka sallama, kwando huɗu muka ɗauka, da buhun tattasai, da rabin buhun attaruhu, da albasa. Abin da na biya duka, har la'ada da dako, da damina a 'Yankaba da ƙyar zai sayi kwando ɗaya da rabi.

Na ce masa ai manoma na cikin daɗi, kaya ya yi kyau. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce shekarar da kaya ya yi kyau ita ce shekarar kuka, don kowa ya shuka lokaci ɗaya, ya nuna lokaci ɗaya, kuma tumatir ba ya jiran ciniki. In ka ƙi sayarwa yau, gobe ka zubar. Shekarar da ya yi tsada kuma, ba ka da shi. Ya tuna mini 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shiga gonaki ta cinye ganye da 'ya'ya, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Na tuna shekarar sarai. Ita ce shekarar da na koyi yin jar miya da karas da tattasai, maigida na ci yana ƙunƙuni.

Kafin hantsi ya dubi ludayi kaya sun iso gida a a-kori-kura. Gwaggo ta raba aiki ba tare da ta tambaye ni ba: kwando biyu na markaɗe, biyu na kauɗa. Na buɗe baki zan ce duka huɗun firiza na nufa da su, na tuna jan ruwan bara, na rufe.

Aka aro tukunyar biki a maƙwabta. Muka wanke, muka cire hancin tattasai da 'ya'yansa, yara suka yi ta jigilar bokitai zuwa inji. Na ja wa mai injin kunne kada ya ƙara ruwa, don tumatir da kansa sama da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, kuma duk ɗigon da ya ƙara, itace ne zai biya. Da Azahar aka hura wuta, da karan dawa tukuna, sannan aka tura manyan itatuwa. Da farko markaɗen ruwa ne tsululu, launinsa fari-fari, kumfa na tasowa tana neman zuba. Gwaggo ta ce in juye a buhun fulawa mai tsabta in rataye, ruwan ya tsane kamar ana awara, a huta da ɓarnar itace. A nan kam na ƙi. Na taɓa gwadawa, rabin daɗin ke bin ruwan ya tafi, a bar ka da jar dusa. Ta ce to, itacen Baffa ne, ni da shi.

Wajen La'asar kumfa ta kwanta, launi ya fara komawa ja sosai. Daga nan ne aikin yake, don da ya yi kauri sai ya fara tsalle. Ɓul, ɓul, yana harbo ɗigo mai zafin gaske, ga shi in ka daina juyawa ya kama a gindi, ƙauri ya lalata tukunya guda. Ɗaya ya same ni a wuyan hannu, nan take ya tashi. Gwaggo ta ce a shafa gishiri, na ce a'a, na tsoma hannun a ruwan randa. A markaɗen kuwa ban sa mai ba, ban sa gishiri ko dunƙule ba, ban sa kanwa ba. Tsurarsa nake so, don ranar da zan ɗauko ban san me zai zama ba, ko miyar shinkafa, ko dafa-duka, ko taushe. Tsamin kuma doguwar dahuwa ke kashe shi. Sai bayan Magariba muciya ta fara tsayawa a tsakiya ba ta faɗi ba. Tukunyar da aka cika har baki sau biyu ta koma ƙasa da rabi.

Tsakanin juyi da juyi nake komawa wajen masu yanka. Kowane tumatir a tsaga shi biyu ko uku, a jera a kan buhu fuskar yankan na kallon sama, a hau da shi rufin soro inda kaji ba sa kaiwa. Iskar hunturu ba ta da laima ko kaɗan, cikin 'yan kwanaki zai bushe. Ina ta yaba abin, ina cewa ai wannan ya fi firiza, ba kuɗin wuta, ba fargaba. Amarya ba ta ce komai ba sai da Gwaggo ta shiga alwala. Sannan ta ajiye wuƙa ta nuna mini yatsunta, duk sun yi fari sun tsattsage, ruwan tumatir na cin su.

Ta ce, "Anti, ke kwana biyu kika zo, shi ya sa abin ke ba ki sha'awa. Miyar kauɗa baƙa take yi. Sai kin wanke sau uku da ruwan ɗumi saboda ƙasa, ki jiƙa, ki haɗa da ɗanyar albasa da tattasai kafin ta yi kyan gani, kuma duk da haka in an kai wa maigida sai ya ce yau ma ita ce? In bazara ta zo, tuwon dare kafin Azahar ya yi yami. Nono ya tsinke. Kifi ɗanye in an kawo, dole a ci yau. Ni da zan sami irin taki, ko rabin yini ake kawo wuta, wallahi ina so."

Ba ni da abin cewa. Gaskiyarta ce. Abin da na gani a ɗakin Gwaggo ba kyauta rana ta ba su ba, wuni ne na mata, shekara da shekaru, a tsugunne.

Sai dai a kan wake Gwaggo ta sake kayar da ni. Niyyata in jiƙa kwano uku, in surfe, in wanke, in ƙulla a leda in daskarar saboda ƙosai da alalar azumi, kamar yadda na saba. Ta ce wane irin wahal da kai ne wannan? Aka kai shi inji a bushe aka ɓarza, Amarya ta bakace a faifai, ɓawon ya tashi ya bar farin wake tas. Ranar da ake so, a jiƙa na ɗan lokaci a markaɗa. Ba ya bukatar sanyi, ba ya cin wuri. Shekara takwas ina cusa jiƙaƙƙen wake a firiza, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Dafaffen markaɗe ba a barinsa ya kwana a tukunya mai zurfi, tsakiyarsa ba ta hucewa da wuri, kafin safe sai ya yi tsami. Muka juye a manyan farantai muka baza a tsakar gida, sanyin dare ya yi mana aiki. Da ya huce muka zauna ƙulli a hasken tocila. Ludayi biyu a kowace leda, daidai miyar yini ɗaya a gidana. A matse iska, a ɗaure, a danna ta yi faɗi kamar littafi, don mai faɗi ta fi saurin daskarewa, ta fi saurin narkewa, kuma tana jeruwa. Na robobi kuma ban cika su ba, na bar kamar yatsa biyu a sama, don ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya ɗage murfi ko ya fasa roba. Ƙulli 46 muka samu, da roba biyar.

A bakin hanya akwai wani saurayi mai shagon cajin waya, yana da firiza mai aiki da sola, yana sayar da ƙanƙara da lemo. Da zafi, in ji Yaya, layi ake yi a ƙofarsa. Yanzu da hunturu ba mai neman ruwan sanyi, firizar kusan fayau take. Da murnarsa ya karɓi kayana su kwana, ya faɗi abin da zan ba shi, ban yi ciniki ba. Amarya ta raka ni, na ga yadda ta shafa murfin firizar da tafin hannu kafin mu fito.

Lahadi da hantsi direbana ya iso. Na jikin bango sun daskare, na tsakiya sun yi sanyi dai. Muka jera a kula, muka cusa ƙanƙara, muka naɗe da buhu. Gwaggo ta fito da tsaraba: daddawa, garin kuka, gabu, kwalbar man shanu, ɓarzajjen wakena, da kaji biyu masu rai an ɗaure musu ƙafa. Ƙanin maigida ya shaƙi daddawa ya ce shi dai an gama da motarsa, ko wanki bakwai ba zai fitar ba. Gwaggo ta ce masa in an yi miyar kada ya ci. Kauɗar kuwa ta ce sai ta bushe za ta aiko da ita ta hannun direban da ke zuwa 'Yankaba. Na durƙusa na yi wa Baffa sallama, ya ce, "A gaida mutan gida. Allah Ya kai mu azumin lafiya."

Muka iso gida ba wuta.

Ban ce uffan ba. Maigida ya kalli kulolin, ya kalle ni, ya fita da jarka. Awa uku janareto ya yi yana ruri. Na jera masu taurin a ƙasa, masu laushin a jikin bango inda sanyi ya fi, na rubuta kwanan wata a jikin kowace roba, na cike sauran gurbin da gorunan ruwa don in sun daskare su riƙe sanyi ranar da aka ɗauke. Na rufe, na ɗora buhun shinkafa a kan murfin saboda yara, da kuma saboda ni kaina. Ƙarfe biyun dare na ji firizar ta ɗauki gurnani, an kawo.

Ranar Laraba na kira wayar jikan Gwaggo. Tambayarta ta farko, "Uwata, akwatin yana aiki ko yana jira?" Na ce yana aiki. Na tambayi kauɗata. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ta kusa bushewa, sai dai an sami akasi. Jiya yara sun bar tsani a jingine, akuyar Amarya ta bi ta kan katanga ta haye soron, kafin a ankara ta share kusan buhu guda.

Na ce, "Gwaggo, ba ke kika ce akuya sai ta shinshina ta wuce ba?"

Ta ce, "Ɗanye na ce miki."